Sanyin Bana Ya Ƙi Tafiya

Likita ya ce wa malamin lissafi ya riƙa tattaki kowace safiya, amma kada iskar sanyi ta taɓa idon da aka yi wa aiki. Matar malamin ta saƙa masa hular ulu mai rufe fuska har wuya, ta ɗora masa tabarau irin na masu walda, ta ja da baya ta dube shi.

"Ka fi kyau haka," in ji ta.

A bakin tafki ya ci karo da yayansa, wanda ya daina yi masa magana tun ranar da malamin ya sare bishiyar da mahaifinsu ya dasa. Yayan ya dubi hula, ya dubi tabarau.

"Sannu, bawan Allah. Ya sanyi?"

"Uhm," in ji malamin ta cikin ulu.

Daga nan suka riƙa tafiya tare. Yayan na zuba, shi yana uhm. Ya ji labarin ciwon gwiwa, da na sabuwar jika, da na wani ƙane da Allah ya jarrabi yayan da shi.

"Kai gare shi kamar dutse. Amma ya iya gyaran rediyo. Tawa ta mutu tun bara."

"Uhm."

"Kai dai ka iya hira, Mai Tabarau."

Sai sanyi ya fara ja da baya. Likita ya ce ido ya warke sarai. Malamin ya roƙe shi ya sake dubawa da kyau. Ya san ranar da ya buɗe fuska, ran nan gaisuwar za ta ƙare.

"Cire abin nan," in ji matarsa. "Ka fara tsami."

Bai cire ba. Ranar da rana ta fito da ƙarfinta, ya fita da hularsa, gumi na taruwa cikin tabarau, masu wucewa suna ba shi hanya. A kan bencin bakin tafki ya tarar da yayan zaune, ya naɗe fuska da tawul har idanu, da wata tsohuwar rediyo a cinyarsa.

"Sanyin bana ya ƙi tafiya," in ji yayan, yana share gumi.

"Uhm."

"Ka zo da sukudireba, ko sai gobe?"

Malamin ya sa hannu a aljihu. Sukudirebar ta daɗe a ciki.