Sunan 'Yar Fari

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da kurame a wata firamare a Gumel, kuma ko ba komai na san abu ɗaya: kurma ba ya razana don abu ya faɗi a bayansa. Ranar da cokalin shayina ya suɓuce ya bugi siminti, yara goma sha huɗu ko gezau. Mahbuba kaɗai ta yi wuf ta shige ƙarƙashin benci, ta toshe bakinta da hannu biyu. Nan take na gane yarinyar nan tana ji.

Wata biyu ke nan da kawo min ita. Goggonta Hajjo, yayar ubanta, mai sayar da atamfa, ita ta kawo ta, tana ƙamshin turare.

"Malama Murja, ga bebiyar nan," ta ce. "Tun da zazzaɓi ya kama ta ba ta ji, ba ta magana. Riƙonta nake yi saboda Allah."

Ni kuwa shashasha na yarda. Na zauna ina ta koya wa yarinya mai kunne garau maganar hannu.

Da aka tashi na tsayar da ita. Na duba bakinta, sai ga tabon ƙuna a cikin leɓe, daidai faɗin cokali. Na ɗaga rigarta, bayan nan duk shatar wayar caja, sabuwa a kan tsohuwa. Shekararta takwas fa. Na yi magana a hankali, da baki, ba da hannu ba.

"Idan kina jina, taɓa hannuna."

Idonta a ƙasa, ta ɗora min yatsa ɗaya.

Maƙwabciyar Hajjo ce ta ƙarasa min labarin. Wai wata rana yarinyar ta leƙo ta ce mata tun jiya ba ta ci komai ba. Magana ta koma kunnen Hajjo, ta sa cokali a wuta. Daga ranar ba wanda ya sake jin muryarta.

"Kun ji ihunta?" na tambaya.

"Mun ji mana. To amma wa zai shiga tsakanin mutum da 'yar riƙonsa?"

Wallahi sai da na riƙe hannuna don kada in mare ta.

Shugaban makarantarmu, Malam Aminullahi, ya saurare ni yana shafa gemu. Ya ce in kai ta wurin iyayenta; idan suka karɓe ta da bakinsu, shi zai tsaya min ko'ina ne. Idan kuwa ba su karɓa ba, in mayar da ita gidan Hajjo kafin magariba, don ba ni na haife ta ba.

Ranar Alhamis Hajjo ta tafi kasuwar Maigatari, ni kuma na kama hannun Mahbuba muka hau mota sai Ɗanzomo, garin iyayenta.

Mun tarar da uwarta, Ummulkhair, tana surfen gero. Ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa, ta tambaye ni gajiya da mutanen Gumel, har ta tambayi ya zafi. 'Yarta da ta shekara biyu ba ta gani ba tana tsaye a gabanta, ko kallonta ba ta yi ba. Na san al'adar, ni ma a cikinta na tashi: uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta nuna tana sonta a gaban mutane. Amma ranar sai na ji al'adar ta tsaya min a wuya.

Na juya yarinyar, na ɗaga rigar. Ummulkhair ta kalla sau ɗaya, ta kau da kai. Taɓaryar ta tsaya a hannunta.

"Malama, waccan 'yar fari ce," ta ce, muryarta can ƙasa. "Kuma Yaya Hajjo aka ba wa. Idan na yi magana sai a ce ba ni da kara."

"Kara?" na ce. "An ƙona bakin 'yarki da cokali, kina maganar kara? Kunyar da za ta sa a kashe miki ɗa kina kallo, wannan ba kunya ba ce, baiwar Allah."

Uban, Ƙasimu, ya shigo daga gona. Ya ga bayan, ya yi salati, ya zauna a kan wani kifaffen turmi. Na ɗauka an gama. Ina. Sai cewa ya yi Hajjo ce ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, da wane ido zai dube ta ya ce ta dawo da abin da ya ba ta? Zai dai aika a ce ta riƙa sassautawa.

A riƙa sassautawa. Kamar maganar gishiri a miya ake yi.

Na duba rana, la'asar ta gota. Na miƙe na kama hannun Mahbuba.

"Taho mu tafi," na ce, da ƙarfi don su ji. "Goggonki ta kusa dawowa, kuma za ta tambayi inda kika je."

Hannunta ya yi sanyi a cikin nawa, amma ta biyo ni ba musu. Wannan biyayyar ta fi tabon ƙona min rai. Mun kai bakin zaure sai na ji taɓarya ta faɗi a bayanmu.

"Mahbuba."

Ummulkhair ce. Sunan ya fito mata a karkace, don bakinta bai taɓa faɗinsa ba. Ta sake faɗa, a gaban mijinta, a gabana, a gaban matan da suka leƙo ta katanga.

"Mahbuba, dawo nan. Ba inda za ki."

Yarinyar ta tsaya cak. Sannan wata 'yar murya a dushe, wadda na yi wata biyu ina nema da hannu, ta fito.

"Na'am, Inna."

Ƙasimu ya sunkuyar da kai, bai ce a'a ba. Ni kaɗai na koma Gumel, ina share hawaye da bakin mayafi, kuma har yau ban huce ba. Duk wannan azabar, ashe kira ɗaya yarinyar take jira.