Hannun Damar Ramiz

Ni na saka wa Ramiz ƙwayar lantarkin nan a hannu, wadda waya ke karanta abin da aka rubuta a cikinta. A asibitin dabbobi nake aiki, kullum ina cusa wa kyanwoyin Iskandariyya irinta a wuya, shi ya sa duk ɗan ƙungiyarmu ta masu ƙere-ƙere da ke son tasa wurina yake zuwa. Ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, tsakanin babban yatsa da manuni take zama. Kyanwa ko motsi ba ta yi. Ramiz kuwa da ganin allura ya sume, sai da muka shaƙa masa albasa.

Da ya farfaɗo na ce, "Ka sa mata kalmar sirri yanzu, in ba haka ba kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a kai."

Ya ce, "Gobe, likitar kyanwa."

Ɗakin ƙere-ƙerenmu yana saman shagon mai wake. Makullin ƙofarsa, wanda ke buɗewa in ka kara masa hannu mai ƙwaya, ni na ƙera shi, na ƙone yatsu a kansa har damina ta wuce. Kwatsam sai ga hoton makullina a sanarwar baje kolin masu ƙirƙira, an rubuta "aikin Injiniya Ramiz Shukri". Na garzaya ɗakin in ji dalili. Na kara hannu, ƙofa ta ƙi. Ashe Ramiz ya goge ni daga makullin da na yi da hannuna. Mai wake yana kallona ina ta shafa ƙofa kamar mai neman tabarruki. Ban taɓa tsanar mutum kamar ranar ba.

Ramiz na da wata ɗabi'a. Ba ya ba da katin suna, sai dai ya miƙa hannu ya ce a kara waya, shafinsa ya fito. Ko jariri ne ya riƙe waya zai miƙa masa.

Ranar baje kolin na same shi cikin kwat, gashi ya sha mai, alƙalan gasa na tafe daga can gefe.

"Narmin," ya ce, "ki bari mu yi magana daga baya, don Allah."

"Wace magana, Injiniya? Murna na zo taya ka. Kawo katin naka in gani, an ce ka gyara shafin."

Hannun ya riga hankalinsa fitowa. Na kara wayata, na danna sau biyu. Na farko ya rubuta sabon shafi a ƙwayarsa, na biyu ya kulle. Irin kullewar nan ba ta buɗuwa, ko wanda ya ƙera ƙwayar bai isa ba. Goben tasa ta sa kalmar sirri ba ta taɓa zuwa ba, kamar yadda na zata.

Babbar alƙaliyar, wata dattijuwa mai tabarau, ta iso. Ramiz ya yi murmushi ya miƙa hannu. Ta kara waya, ta karanta a fili: "Narmin Wagdi ce ta ƙera wannan makulli." A ƙasa ga bidiyona ina haɗa shi, har da ƙunar yatsa.

"Ɗana," ta ce, "hannunka ya fi bakinka gaskiya. Ina Narmin ɗin?"

Na ɗaga nawa hannun. Raina ya yi fari ƙal, ba zan ɓoye ba.

Yanzu Ramiz safar hannu yake sawa a tsakiyar zafi. Ƙwayar ba ta gogewa, sai an tsaga fata an ciro ta, kuma wanda allura ta sumar ina zai iya da wuƙa? Likitoci biyu sun ce ba su san kanta ba. Jiya ya kira ni.

"'Yar'uwa, ke kika saka, ke kika san inda take. Yaushe za ki cire min?"

Na gyara wa wata kyanwa kwanciya a kan tebur, na ce, "Gobe, Injiniya."