Tagar Ɗakin Baba

A gidanmu Dubagari suke kirana, kuma ban taɓa jin haushin sunan ba, don na ci shi. In na shiga gidan mutum, kafin mu gama gaisawa idona ya riga ya zagaya kan firij da bayan ƙofa da ƙarƙashin kujera. Wurin da na fi kama mutane shi ne taga, musamman irin ta gilashi mai zugewa. Mace za ta goge gilashi har ya riƙa ɗaukar ido, amma leƙa layin ƙarfen da yake bi a ƙasa, za ka tarar da ƙasar da ta isa a shuka barkono, ga matattun ƙudaje, ga gashi, wani lokaci har da maɓallin riga.

Baba ne ya laƙaba min sunan tun ina ƙarama. Direban babbar mota ne har ya ajiye aiki, mutum mai ƙarfi da taurin kai, wanda bai yarda a ɗaukar masa ko da buta ba. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ƙafa ta dawo da sauƙi, magana ma ta dawo, sai dai a hankali take fita. Hannun dama ne ya ƙi. Likitan gashin ƙashi da ke zuwa gida ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa in Baba bai riƙa sa hannun aiki kullum ba, yatsun za su naɗe, kafaɗar ta ƙage, kuma in ta ƙage shi ke nan. Ya kawo masa wata 'yar ƙwallon roba ja ya ce ya riƙa matsawa. Baba ya dube ta, ya dubi likitan, ya ce shi ya wuce wasan ƙwallo. Daga ranar ƙwallon ta zama ta kyanwar gidan.

Wannan hannun shi ne abin da ke hana ni sukuni. Duk ƙarshen mako nakan bar gidana in zo in gan su, kuma abin da nake fara kallo ke nan.

Wata safiya na iso da wuri, na tarar da abin da ya tayar min da hankali. Baba na tsaye gaban tagar ɗakinsa, ya ɗora tafin hannun nan mara lafiya a gefen gilashin yana turawa, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi na bin goshinsa. Tagar na tafiya da ƙyar tana wani kuka kamar an taka wutsiyar kare. Umma kuwa tana tsaye a hagunsa, ta rungume hannunsa mai lafiya da hannu biyu, wai kada ya faɗi, tana kallo.

Na ce, "Haba Umma! Kina gani yana wahala? Bari in buɗe."

Ta ce, "Ƙyale shi, ya kusa. Ni kafaɗata ke ciwo, kuma in ba a buɗe ba numfashina ba ya fita."

Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Na jira har ta yafa mayafi ta fita karɓo maganin Baba, shi kuma ya koma falo yana sauraron rediyo. Nan na ɗaura zani a kan doguwar rigata na shiga aiki.

Gyaran irin wannan taga ba wuya, haƙuri yake so. Na fara share layin da busasshen buroshin haƙori, don in ka zuba ruwa a kan ƙura ka yi kwaɓin gini. Na naɗa tsumma a bakin wuƙar cin abinci na bi lungunan. Sannan na kama gilashin da hannu biyu, na ɗaga shi sama, na jawo gindinsa waje, na jingine shi da bango a kan bargo. A ƙasansa akwai 'yan tayoyi guda biyu, gashi da zare sun naɗe su, na tsince da allura. Kusa da tayoyin na ga wasu baƙaƙen guntayen roba sun cushe a cikin ramin. Na ɗauka robar da ake liƙa wa taga ce ta tsufa ta zazzago, na ƙwaƙule na watsar a shara. Na wanke layin da ruwan sabulu, na buɗe 'yan hudojin da ruwan sama ke fita da tsinke, na tsane, na goga kyandir. Mai ba ya shiga tagata, domin mai da ƙura in sun haɗu ƙulli suke yi. Da na mayar da gilashin, da ɗan yatsa ɗaya na zuge shi har ƙarshe, ko ƙara babu.

Daɗi ya kama ni, na bi sauran tagogin gidan duka na yi musu haka. Na kira Baba na nuna masa. Ya tura da yatsan hagu, ya mayar, ya sake turawa.

Ya ce, "Dubagari, an zuba wa titi kwalta."

Umma ta dawo ta gani. Ta daɗe tana kallon tagar kafin ta ce, "Sannu da aiki." Na san muryar Umma, wannan sannun ba ta kai ciki ba. Na ce a raina ƙila kunya ta ji, 'ya ta zo ta tona dattin ɗakin mijinta.

Da na dawo mako na gaba, tun daga tsakar gida na jiyo kukan tagar. Na tsaya cak. Tagar da na gyara da hannuna? Na bi na falo da na kicin da na ɗakin baƙi, duk suna gudu lafiya lau. Ta ɗakin Baba kaɗai ta koma gidan jiya. Abin ya fi ba ni mamaki a kan haushi. Ƙura ba ta zaɓen ɗaki, kuma ko a bakin titi gidan yake, mako ɗaya bai isa ya cike layi ba. Na tambayi Umma ko ta zuba man girki, ta ce ita da me ta haɗa man girkinta da taga. Na ce ko taya ce ta fashe. Ta ce ita ba makanikiya ba ce, in tambayi babana.

Na sake sauke gilashin. Layin tas yake, kyandir ɗina ma bai gama gogewa ba, tayoyin lafiyarsu ƙalau. Amma a cikin ramin ƙasan, ga baƙar robar nan ta dawo. Wannan karon ban watsar ba, na kai ta haske na juya. Ba tsufa ya yanke ta ba, almakashi ne, gefenta a miƙe, an ninka ta an cusa yadda za ta riƙa gogar layin. Na shinshina, warin taya take yi.

Na zauna a bakin gado da roba a hannu ina lissafin mutanen gidan. Baba ba zai iya riƙe almakashi ba. Kyanwa ba ta da wannan basirar. Saura mutum ɗaya, kuma na kasa gano abin da zai sa matar da ke tashi ta gyara wa mijinta matashi sau nawa kafin gari ya waye ta ƙara masa wahala da gangan. Har wani mugun tunani ya zo min, ko gajiya da jinya ce ta fara taɓa ta, na yi saurin korar shi. Na jefa robar a jakata, na mayar da gilashi, na kira mijina na ce zan kwana biyu a gida.

Na kafa na tsare, duk inda Umma ta nufa a ɗakin ina bayanta, ba ta sami damar taɓa tagar ba. Da safe Baba ya tashi, ya sa yatsan hagu ya zuge ta a wucewa, ya koma kujerarsa. Hannun dama na kan cinyarsa tun safe har yamma, a kife, kamar kayan da wani ya manta. Washegari ma haka. Umma kuwa ta yi ta ajiye kwanuka da ƙarfi.

Ana haka likitan gashi ya zo. Ya ɗaga hannun, ya lanƙwasa, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, Baba na cije leɓe. Da zai tafi na raka shi ƙofa.

Ya ce, "Hajiya, me ya faru? Kwanakin baya kafaɗar nan tana sakewa, har na yi murna. Yanzu ta fara komawa. Ya daina matsa ƙwallon ne?"

Na waiga, ga kyanwa can ƙarƙashin tebur tana dambe da ƙwallon. Na ce masa zan bincika. Na fara hango inda maganar ta dosa.

A ɗakin ajiya na sami Umma, wurin da tarkacen motar Baba suke. Tana zaune a kan wata tsohuwar jarka, ta ɗora robar cikin taya a gwiwa tana yanka da almakashin ɗinkinta. Ba ta ɓoye ba, ba ta ma ɗago ba.

Ta ce, "Rufe ƙofar. Kin gama binciken, Dubagari?"

Na ce, "Umma, me ya sa ba ki gaya min ba?"

"In gaya miki? Ke da bakinki ba linzami? Da kin je kin ce, Baba daure ka tura, motsa jiki ne. Kin san ubanki. Ranar da ya ji an ce magani ne, ya bar taɓa ta ke nan, ta bi ƙwallo."

Ta ba ni labarin tana yanka. Bayan an sallamo shi, tagar a cushe take da datti don ba wanda ya sami sukunin kula ta. Wata safiya tana kokawa da ita, Baba ya ji haushi ya taso ya ce ta matsa, bai mutu ba tukuna. Ta riƙe masa hannun hagu don tsoron kada ya faɗi, sai ya tura da na dama. Ya daɗe, amma ta buɗu faɗin tafin hannu, kuma ranar ya ci abinci da yawa. Daga nan kullum kafaɗarta na ciwo. Da turawa ta yi turawa dattin ya share kansa, tagar ta yi sauƙi, sai ta fara cusa roba da bakin wuƙa. In ta ga ya fara buɗewa ba gumi, ta ƙara ninki.

Ta ce, "Na kai shi ninki mai kauri, kika zo da buroshinki da kyandir ɗinki."

Kunya ta rufe ni, ga kuma tausayinta, don sai lokacin na lura da yadda ta rame. Na ce ta ba ni robar. Ai ni na san yadda ake sauke gilashi, zan sa ta a inda ba za ta zame ba, kuma ba za ta ci tayoyin ba. Ta miƙo min siririya ta ce da wannan za a koma, tunda an yi baya. Muka jira ya shiga wanka, na yi aikin cikin sauri. A rayuwata ban taɓa ɓata taga da hannuna ba sai ranar.

Da safe Umma ta dafa kafaɗa ta ce zafi ya dame ta. Baba ya sa yatsan hagu, tagar ta ƙi. Ya yi tsaki, ya ce aikin Dubagari bai da ƙarko irin na da, sannan ya gyara tsayuwa. Umma ta rungume hannun hagun. Ya ɗaga na daman da ƙyar, yatsun na rawa, ya manna a gefen gilashi. Na tsaya bakin ƙofa na harɗe hannuwana a baya, don ƙaiƙayi suke yi su je su taimaka. Tagar ta yi kuka, ta motsa, ta tsaya, ta sake motsawa. Iska ta shigo ta ɗaga labule. Umma ta ce, "Yauwa, Alhamdu lillahi, na sha iska," ta fita ɗora shayi.

Baba ya zauna yana haki. Ya yafito ni, na durƙusa kusa da kujerarsa.

Ya ce a hankali, "Wannan ta yau ta yi siriri. Waccan da kika zubar ta fi ta."

Na buɗe baki na kasa rufewa. Na ce, "Baba, dama ka sani?"

"Na ƙare rayuwata a kan taya, a ce ban san kukan roba a kan ƙarfe ba? Tawa ce ma, ta motar ƙarshe."

"To me ya sa ba ka ce komai ba?"

Ya kalli ƙofar da Umma ta fita. Ya ce, "Uwarki ta ce kafaɗarta na ciwo. In ta ce tana ciwo, to tana ciwo." Ya murza yatsun daman da na hagu. "Tsoro take ji, Dubagari. In tana yankan robar nan ba ta zama ta yi kuka. Jibi ki ƙara ninki ɗaya. Kuma ki riƙe bakinki, ko sau ɗaya a rayuwarki."

Idona ya cika, na sunkuyar da kai na ce to. Daga kicin Umma ta ƙwala min kira in zo in ɗauki kofuna. Na tashi, a hanya na ga ƙura ta fara taruwa a layin tagar, na wuce ban taɓa ta ba.