Bututun da Ke Bayan Inabi

Ni na yi wa Abu Mu'taz ƙarin rumfar motarsa, cikin watan Agusta, lokacin da ƙarfe ba ya taɓuwa don zafi. Ɗansa Mu'taz ne ya sayi mota, rumfar kuwa mota ɗaya take ci, aka ce in ja ta har ta manne da bangon gida. Na ja. Walda ce sana'ata, kuma ba na gaggawa a aiki. Ganyen inabi ya rufe bangon ruf. Na dai ga bakin wani bututu a bayan ganyen, ba ya fitar da komai, na ɗauka tsoho ne, ban tambaya ba.

Sai da aka fara girbin zaitun, sanyi ya sauko garinmu Irbid. Ina tsaye da safe wurin mai falafel, irin ƙosanmu na nan, na ga bangon wani gida yana fitar da hayaƙi ta irin wannan bututun sak. Tukunyar ɗumama gida suka kunna. Na tuna bututun gidan Abu Mu'taz da na rufe da rumfa. Ban jira falafel ɗin ba.

Da na isa, abin ya fi yadda na zata. Abu Mu'taz ya ɗaure tamfol a gefe biyu don kada ruwa ya taɓa motocin. Inabin ya zubar da ganye, ga bututun nan tsirara, taƙi ɗaya ƙasa da kwanon rufin da na buga. Kusa da shi akwai wata ƙaramar taga, a ɗan buɗe.

"Wa'il? Walda ta ƙare a garin ne ka fara yawon gaisuwa?" in ji Abu Mu'taz daga ƙofa.

"Baffa, magana ce da ni a kan rumfar nan."

"Ba a magana a tsaye a gidana. Shigo ka sha gahawa."

Na shiga. Ba a ƙin gahawar dattijo, kuma ban san ta inda zan fara cewa aikina ne ya ɓaci ba. Falon da ɗumi. Ina jin gunjin tukunyar ta cikin bango, ina riƙe da kofi.

Matarsa Ummu Mu'taz ta kawo dabino. Na tambaye ta mutan gida.

"Lafiya, sai Rawan, matar Mu'taz. Laulayi ya dawo mata a wata na shida, ka taɓa ji? Kwana huɗu ciwon kai da amai. Amma ta je gidan uwarta jiya, garau ta wuni. Nan ne take mana shagwaɓa."

"Gwaggo, yaushe kuka kunna tukunya?"

"Ranar Asabar."

Na ƙirga a raina. Kwana huɗu.

"Ƙaramar tagar nan ta cikin rumfa, ta wane ɗaki ce?"

"Nata. Tana buɗewa wai ta sha iska."

Na ajiye kofin ban shanye ba. Na ce, "Baffa, don Allah kashe tukunyar nan yanzu, ka biyo ni."

"In kashe? Kai za ka ɗumama mini ƙashi?"

Amma ya ga fuskata, ya je ya kashe. A rumfa na miƙa hannu na shafi ƙasan kwanon, na nuna masa yatsuna, baƙi ƙirin. Na shafi bakin tagar, shi ma haka.

"Hayaƙin ba shi da hanyar fita, Baffa. Ni na toshe masa sama, tamfol ya toshe gefe. Tagarta kawai ta rage masa. Na ga bututun nan tun Agusta, ban tambaya ba."

Na jira zagi. Bai zage ni ba. Ya dubi yatsun, ya dubi tagar, ya juya ya kira matarsa da wata murya da ban san shi da ita ba.

Suka fito da Rawan tana dafa kafaɗar surukarta, idonta a lumshe. Ummu Mu'taz ta yafa mata nata mayafin, tana ta cewa, "A hankali, 'yata." Abu Mu'taz ya ja mota suka tafi asibiti.

Na buɗe duk tagogin gidan. Na kwance tamfol, na ari tsani wurin maƙwabci, na hau na fara cire kwanukan da ke saman bututun. Kusoshin sun kamu sosai, ni na ɗaure su. Kowace mota ta shigo layin sai na ɗago kai. Na cire kwano uku, yayyafi ya fara sauka a kan motar Mu'taz.

Bayan la'asar wayata ta yi ƙara.

"Sun sa mata iska a hanci," in ji Abu Mu'taz. "Za ta kwana a nan. Sun ji bugun zuciyar yaron."

Na zauna a kan tsanin.

"Baffa, kada a kunna tukunya sai mai gyaranta ya zo ya ɗaga bututun ya wuce rufi. Sai ya ce to, sannan in mayar da kwano."

"Na ji. Kana can har yanzu?"

"Ina nan."

"To rufe mana tagogin kafin ruwa ya jiƙa kujeru. Tata ka bar ta a buɗe."