Ƙodar Baban Ƙasa

Har yau Auta ake ce mata a asibitin, ko da yake furfura ta cinye gaban kanta. Aikinta shi ne idan an sallami majinyaci, ta karanta abin da likita ya rubuta, ta mayar da kowace cuta lamba, don a san abin da ke kwantar da mutane. Wanda ya raɗa mata sunan shi ne ya koya mata aikin, a wani ɗaki da ke ƙarƙashin bene, tun kafin zuwan kwamfuta. Baban Ƙasa suke ce masa. Ya daɗe da yin ritaya.

Wata safiya wata nas ta leƙo ofis. "Auta, tsohon oganku yana ɗakin maza. Ƙodarsa ce ta tsaya."

Ta same shi ya rame, ana masa ƙarin ruwa, 'yarsa na zaune a gefe. Ita ta ba ta labari: amai da gudawa suka kama shi, ya ƙi zuwa asibiti, yana ta haɗiyar maganin ciwon gwiwa, har fitsari ya ɗauke.

"Haba Baba," in ji Auta, "kai da ka sa wa irin wannan cuta lamba ba adadi?"

"A takarda na san ta, 'yar nan. Ban san haka take shigowa ba sallama ba." Ya kalle ta da wutsiyar ido. "To, wace lamba za ki ba ni?"

"Sai abin da likita ya rubuta, Baba."

Ya yi dariya har da tari, don dokarsa ce ta mayar masa. Nan ɗakin ƙasa ya dawo mata a rai: fankar da ke kuka kamar za ta faɗo, ƙaton littafin lambobi da aka ɗaure bayansa da filasta, warin tsohuwar takarda haɗe da ƙamshin shayi. Yakan buga fensir a tebur ya ce, "Ƙodar da ta tsaya farat ɗaya daban, wadda ta daɗe tana lalacewa daban. Ta farkon tana iya farfaɗowa. Kar ki kuskura ki haɗa su." In rubutun likita bai fayyace ba, sai ya tura ta sama ta tambayo. Ta hau tana ƙunƙuni, ta sauko tana haki, ta tarar ya ajiye mata shayi an rufe da murfi.

Ƙodar Baba irin ta farkon ce, mai iya farfaɗowa. Aka yi masa wankin ƙoda, aka ci gaba da ƙarin ruwa. Ranar da fitsari ya dawo, kowa ya shigo sai ya yi masa albishir, kai ka ce haihuwa aka yi masa.

Da aka sallame shi, ya ce ba zai tafi ba sai ya ga ɗakin ƙasa. Auta ta karɓo makulli, ta tura shi a keken marasa lafiya ta gangaren baya. Ɗakin ya zama ma'ajiyar karyayyun gadaje. Ya riƙa nuni da sanda: nan Dogo yake zama, nan Uwar Surutu, Allah Ya ji ƙan su duka biyun, nan bakin ƙofa kuma Auta, inda iska ta fi shigowa.

Ya sauke sandar.

"Ashe ɗakin ƙarami ne," ya ce. "Ya aka yi ya ishe mu?"

Auta ta shiga gyara masa bargon da ke kan cinyarsa.

"Baba, mota na jira," in ji 'yarsa.

"Ta jira. Ɗauke mu hoto tukuna. Auta, matso nan, ki daina share ido, kar ki ɓata mana hoton."