Mushtari a Bayan Mangwaro

Asma'u na cikin jego, ko zaure Goggo Larai ba ta bari ta leƙa, sai ga mijinta Audu ya faɗo gida ana idar da magariba, rungume da wani akwatin katako, yana haki.

Shi ke ɗaukar wa masu awon filayen Unguwar Sarki kaya. Shugabansu ne ya ara masa madubin hangen nesa da suke awo da shi, da sharaɗin ya mayar kafin lisha, don gobe Jos za su wuce da shi.

"Jiya ya nuna min Mushtari," in ji Audu. "Wallahi wata huɗu ke kewaya shi!"

Asma'u ta miƙe zumbur, murna kamar ta kashe ta. Mahaifinta malamin taurari ne a Zazzau, shi ya koya mata Zahara da Zuhal da Mushtari tun tana 'yar mitsitsiya. Ya taɓa jin wani alhaji ya ce Mushtari na da nasa watannin, ya maimaita a zaure, aka yi ta yi masa dariya. Har ya koma ga Allah bai gani ba.

Audu ya kafa madubi a tsakar gida, ya juya shi gabas, ya leƙa. Ganye kawai! Mangwaronsa ne ya tokare wurin, mangwaron da yake lallaɓawa kamar ƙwai, ga shi bana ne ya fara 'ya'ya.

"Mu fita ƙofar gida," Asma'u ta ce, har ta jawo mayafi.

"Ki fita ina?" Goggo Larai, ƙanwar mahaifinta, ta tare hanya da muciya. "Mai jego, ba ki yi arba'in ba? Sai dai ki tsallake gawata! Tauraro gudu zai yi?"

"Madubin ne zai gudu, Goggo."

Goggo ko gezau. Audu ya dubi matarsa, ya dubi bishiya, ya yi ajiyar zuciya. Sai ya tuɓe riga, ya ɗauki adda, ya ɗare sama. Sara kaɗan reshe ya faɗo rim, ɗanyen mangwaro ya watsu har bakin murhu, Goggo na ta salati.

"Zo maza!" in ji shi, bayan ya daidaita madubin.

Asma'u ta kara ido. Ga shi nan, kewayayye, fari tas, ga ɗigo huɗu a jere kusa da shi kamar duwatsun wuya. Ta yi ihu har jaririya ta farka.

"Matsa in ga abin da aka kashe bishiya dominsa," Goggo ta ce, ta ture ta.

Tsohuwa ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago, sai ta share ido da bakin zane.

"Allah ya jiƙan Yaya," ta ce. "Ashe da gaskiyarsa."