Abin da Salihu Ya Bari a Cikin Inji

Hapsatu ta jona waya daga kwamfutarta zuwa cikin injin ƙyanƙyasar ƙwai, Kawu Hambali kuwa yana tsaye a kanta da butar ruwan zafi.

"Ƙwan suna hucewa fa, 'yata."

"Na sani, Kawu. Ƙara lulluɓe su da bargo."

Da sassafe ta hawo mota daga Birnin Kudu, inda take koyar da kwamfuta, ta sauka a Gwaram, ta ɗauki acaɓa zuwa Basirka. Ma'aunin zafin injin ne ya ƙone, sabon da aka samo kuma ba irin tsohon ba ne, sai injin ya ƙi hura wuta. Salihu, ɗan Kawu, shi ya ƙera injin ya rubuta masa umarni. Bara ya rasu, kwamfutarsa ma tuni aka goge ta.

Abin da ta zuƙo daga ƙwaƙwalwar injin lambobi ne zalla. Ta zuba su a manhajar da ake kira disasembila, wadda ke mayar da lambobi su zama gajerun umarni: ɗauko wannan, gwada shi da wancan, tsallaka can.

"To, ga rubutun Salihu ya fito ke nan?" Kawu ya tambaya, ya matso.

"Ba duka ba. Aikin da ya sa injin ya yi, shi nake gani. Sunayen da ya raɗa wa abubuwa da bayanin da ya rubuta wa kansa, waɗannan ba sa shiga cikin inji."

Ta yi ta bin layi ɗaya bayan ɗaya har azahar, gumi na tsiyaya. Sau ɗaya ta ɗauki lambar fanka a matsayin ta zafi, sai da ta koma baya. Can ta gano inda injin ke karanta ma'auni, ta gyara lissafin, ta mayar.

Fitilar ɗumama ƙwan ta kama. Kawu ya sa tafin hannunsa a jikin akwatin, ya jima, sannan ya yi hamdala yana dariya.

Hapsatu ba ta rufe kwamfutar ba. Akwai wasu layuka da suka tsaya mata: kullum da yamma injin kan daina juya ƙwai na ɗan lokaci, ya yi ƙara siririya, sannan ya ci gaba. Layukan ba su shafi zafi ba, ba su shafi fanka ba.

"Kawu, me ya sa yake yin haka?"

"Tun ranar farko yake yi. Na tambaye shi, ya yi murmushi ya ce zai gaya mini."

"Ina iya cirewa. Ban ga amfaninsa ba."

Kawu ya dubi allon, ko da yake ba ya karanta komai a kai.

"Yana cutar da ƙwai?"

"A'a."

"To, bar masa abinsa."

Ta zare wayar. Inna Tani, matar Kawu, ta kawo musu fura, suka zauna a bakin ƙofa suna sha, suna jiran yamma.